Waƙa Na Yawo, Mai Ita Na Gida: Yadda Za Ka Tono Ƙananan Mawaƙa Ka Tallata Su

Ƙanena, ɗauko wayarka ka buɗe wurin waƙoƙi. Dubi guda ashirin na farko. Tun ban gani ba na san abin da ke ciki: Hamisu Breaker, Ado Gwanja, Umar M. Shareef, Nura M. Inuwa, Naziru Sarkin Waƙa, da Rarara idan kakar siyasa ta matso. Ba laifi, ni ma suna wayata. Sai dai jerin nan shi ne a wayar mai shayin tashar Jega, shi ne a wayar ɗalibar jami'ar Aliero, shi ne kuma direban da zai kai ka Yawuri zai kunna maka tun daga Maiyama har Koko. Tuwo ɗaya, miya ɗaya, kowa da kowa.

To gangara can ƙasa. Za ka tarar da wasu marasa suna, sai haruffa da lambobi: AUD, kwanan wata, WA0007. Danna ɗaya ka ji. Sau da yawa nan daɗin yake ɓoye. Wani mai kalangu ne da aka ɗauka a wurin biki, ko wata zabiya a kan kiɗan ƙwarya, ko yaron da ya sayar da buhun albasarsa ya shiga situdiyo ya yi waƙa ɗaya tak. Waƙar ta zaga wayoyi ba iyaka, mai ita ko katin waya ba a taɓa tura masa ba, domin babu wanda ya san sunansa.

Aikin da nake so ka ɗauka ke nan. Ka nemo masu irin waɗannan waƙoƙi, ka mayar wa kowace waƙa sunan mai ita, sannan ka kai ta kunnen da zai so ta. Kada ka ce ƙasarmu babu su. Marigayi Gambu mai waƙar ɓarayi mutumin Fagada ne, nan ƙasar Maiyama. Gidan Ɗandawo na Yawuri, Aliyu da ɗansa Sani, duk jihar nan ta Kebbi ne. Kafin rediyo da kaset su ɗauke su, su ma na gida ne da sai maƙwabta suka sani. Ga yadda za ka fara.

1. Fara da mai tura waƙa a kasuwa.

Ka san shi. Yana zaune a ƙaramar rumfa da tsohuwar kwamfuta, wayoyi talatin na caji a bayansa, sifika na ta ɓarin kiɗa. Mutumin nan ya fi kowace manhaja sanin abin da ake saurare tsakanin garinmu Karaye da Jega, don shi ake kawo wa, shi ke rabawa.

Je da memorinka. Kada ka ce masa "sa mini sababbi," don zai cika maka da abin da kake da shi. Ce masa, "Maigida, ina son na 'yan gida. Waɗanda aka ɗauka a biki, da na yaran garin nan da suka kawo maka da kansu." Kusan kowane mai tura waƙa yana da wata jaka a cikin kwamfutar da ya tara irin waɗannan, ba ya ma tallar su don yana ganin ba mai so. Ka biya shi kuɗin turawa, ka ƙara masa na shayi. Sannan ka tambaye shi, ɗaya bayan ɗaya: wannan wa ya kawo? Ɗan wane gari ne? Rubuta abin da ya faɗa nan take, ko a bayan takardar kati ce.

2. Tambayi masu ɗaukar makaɗa haya.

Da ɗan gari akan ci gari. Kowane irin kiɗa yana da mutanensa, kuma su suka san gwaninsa.

Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe tun asali, saboda haka ka tsaya wurin Sarkin Fawa ko yaransa ka tambayi wanda ke yi musu kiɗa bana. Gangar noma, tambayi wanda ya kira gayya a daminar da ta wuce. Garaya da waƙoƙin farauta, sai wurin mafarauta da 'yan tauri. Masu bege da mandiri, tambayi masu shirya Mauludi a unguwarku. Yaran fiyano kuwa, mai DJ ɗin biki da ɗan kabu-kabu sun fi kowa sanin su.

Ka iya tambayar. Idan ka ce "wa ya iya waƙa a nan?" za a nuna maka ɗan'uwan wanda ka tambaya. Ce, "Da bikin 'yarka ne gobe, kuma kuɗinka ne za su fita, wa za ka kira?" Amsar takan bambanta. Idan mutum uku da ba su haɗa hanya ba suka ambaci suna ɗaya, ka samu na farko a jerinka.

3. Bi lokacin da kuɗi ke hannun mutane.

Makaɗi yana bin aljihu. Da damina kowa na gona, har shi kansa. Bayan kaka, idan gero da shinkafa sun shiga rumbu, da kuma lokacin da albasar Aliero ta fara hawa manyan motoci, nan bukukuwa ke yawa, a buɗe filin dambe da kokawa, a yi kalankuwa, wani makaɗin ya kira ajo. Ranakun Sallah ma haka. A waɗannan watanni ka buɗe kunne.

Manyan taruka irin bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, da Rigata ta Yawuri da Uhola ta Zuru, suna tara makaɗa daga ko'ina. Idan ka samu zuwa, kada ka manne a gaban rumfar manyan baƙi. Zaga bayan fili, wurin masu abinci da inda 'yan kokawa ke shiri. Waɗanda ba a ba su makirufo ba suna can suna yi wa kansu.

Abu ɗaya: ka je da rana, ka dawo da wuri, kuma ka tafi da wanda ya san garin. Babu waƙar da ta kai a bi hanyar daji da dare saboda ita.

4. San sunan abin da kake ji.

Ba sai ka zama farfesa ba. Amma idan ba ka bambance kalangu da kotso, ko gurmi da kuntigi, ko goge da kukuma, za ka ji kunya ranar da za ka yi wa wani bayani. Hanya mafi sauƙi ita ce ka saurari manya ka riƙe sautinsu a ka. Kotso, saurari Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo. Kalangun dambe, Ɗan Anace mawaƙin Shago. Kuntigi, Ɗan Maraya Jos. Gurmi, Haruna Uji. Ƙwarya, Barmani Choge ta Funtuwa. Mako ɗaya ya isa kunnenka ya waye. Idan kana son ƙari, nemi littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ko wanda Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan jiharmu, ya rubuta a kan Narambaɗa.

Amfanin wannan shi ne za ka gane mai kwaikwayo. Da yawa daga ƙananan mawaƙa karin wani babba suke ɗauka su sauya sunaye kawai. Ba zunubi ba ne, kowa da haka ya fara. Amma wanda kake nema shi ne mai abin da ba ka taɓa ji a bakin kowa ba.

5. Ba kowace waƙa kwana uku.

Kada ka tura waƙa ranar da ka same ta. Zumuɗi ne ke aiki a ranar. Saurare ta sau ɗaya a abin kunne, kai kaɗai, don ka ji kalmomin. Washegari kunna ta a sifika kana wani aiki. Rana ta uku kada ka kunna ta sam. Idan ka tsinci kanka kana rera amshin a kan hanyar masallaci ko kana wankin babur, ta ci jarrabawa.

Ga abin da nake dubawa ni. Amshi yana zama a baki? 'Yan amshi suna karɓa a kan lokaci, ko jagora ne ke jan su kamar jaki mai gardama? Akwai magana a cikin waƙar, ko jerin sunayen masu kuɗi ne daga farko har ƙarshe? Ga yaran situdiyo kuwa, tambayata ɗaya ce: idan aka kashe na'urar da ke gyara murya, me ya rage? Idan ka haɗu da yaron, roƙe shi ya yi maka baiti biyu da baki kawai. A nan ake sanin na ƙwarai.

Rashin kyan ɗauka kada ya sa ka yar da waƙa. Ƙarar janareta da kukan yara ana iya kauce musu a ɗauka ta gaba. Waƙar da ba ta da rai kuwa, ko a Kano aka ɗauke ta ba za ta tashi ba.

6. Bi sawun waƙar har ƙofar gidan mai ita.

A nan aikin yake, kuma a nan mafi yawan mutane ke gajiya. Bari in ba ka labarin da zai hana ka gajiya.

A 2008 wani matashin Buzu daga Nijar, mai kaɗa jita da hannun hagu, ya zo Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a situdiyo, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa. Sunansa Mdou Moctar, kundin kuma Anar. A lokacin ba kamfanin da ya sayar masa da shi. Waƙoƙin suka shiga memori, suka riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth har suka kai arewacin Mali. A can Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane. Ya fitar da wasu a faifai a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, ƙarƙashin ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds, har da waƙar Mdou a ciki. Wahalar da ya sha ita ce neman masu waƙoƙin don a biya su, saboda da yawa sun iso gare shi babu cikakken suna. Da aka samu Mdou, sauran labari sananne ne: a 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar masa da Afrique Victime, yana kuma zaga Turai da Amurka da ƙungiyarsa.

Lura da inda abin ya faro. Sakkwato, nan kan titin da ya bi ta Aliero da Tambuwal. Da memori irin wanda ke aljihunka.

Ba ina ce maka Bature zai zo Karaye gobe ba. Ina nuna maka cewa abin da ya raba waƙar da ta ɓace da wadda ta fitar da mai ita shi ne wani ya zauna ya nemo sunan. Ga dabarun:

Saurari waƙar da kunnen ɗan sanda. Mawaƙin Hausa da wuya ya gama waƙa bai ambaci kansa ba, ko garinsu, ko ubangidansa, ko hakimin yankinsu. Sanƙira ma yakan faɗi sunan mai biki. Harshe kansa shaida ne: wanda ya taso a ƙasar Kabi ko Gwandu ba ya ɓuya a cikin Kanawa.

Koma wurin wanda ya turo maka, ka tambaye shi wa ya turo masa. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa kafin mutum na huɗu ka isa ga wanda ya halarci bikin.

Kunna wa direbobin tasha da 'yan kabu-kabu. Jega mararraba ce, motar Birnin Kebbi da ta Sakkwato da ta Yawuri duk nan suke haɗuwa. Da wuya a rasa wanda zai ce, "A'a, ai wannan wane ne na gari kaza."

Shazam mai gano sunan waƙa ba zai taimake ka a nan ba. Waƙar da ba a taɓa ɗora ta a manyan rumbunan intanet ba, bai san ta ba.

7. Nemi izini, sannan ka ɗauka da kyau.

Ka same shi. Kada ka zaro waya daga isowarka. Yi sallama, ka gaisa, ka kai goro ko ɗan abin da ya sawwaƙa. Idan dattijo ne, ce masa, "Baba, na ji waƙarka kaza a waya, ita ta kawo ni. Ina so in ɗauki wasu da kyau, da sunanka a jiki, in kai wa mutane. Ka yarda?" Idan ya ce sai ya yi shawara da yaransa, ba shi lokaci. Ƙungiya ce, 'yan amshi da makaɗa duk suna da haƙƙi a ciki. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ta ba mai waƙa iko a kan aikinsa. Ko babu doka ma, kunya ta isa.

Idan ya yarda, ga yadda za a yi.

Zaɓi safiya ko bayan la'asar, a zaure ko ƙarƙashin bishiya, nesa da injin niƙa da janareta. Kada ka ɗauka ta bakin sifikar biki, ita ce ke fasa sauti.

Sa wayar a yanayin nan mai alamar jirgin sama, don kada kira ya shigo ya yanke maka waƙa a tsakiya. Ni ya taɓa faruwa da ni, kuma kiran na masu tallar data ne.

Ɗora wayar a kan turmi ko kujera, kada ka riƙe a hannu. Ta fi kusa da bakin mawaƙi, masu kiɗa su ɗan ja baya kamar taku uku, don kalangu yana cinye murya. Gwada minti ɗaya, ku saurara tare, ku gyara zama.

Kafin a fara, yi magana da bakinka a cikin ɗaukar: sunan mawaƙi, garinsu, sunan waƙar, da shekara. Sunan fayil ana iya goge shi. Wanda ke cikin sautin kuwa yana tafiya duk inda waƙar ta je.

Kada ka raina waya. A 2020 kamfanin nan Sahel Sounds ya riƙa fitar da gajerun kundaye wata-wata da suna Music from Saharan WhatsApp. Da waya aka ɗauke su, ta WhatsApp aka aika, aka sayar a shafin Bandcamp, kuɗin ya koma wa mawaƙan. Na farko a jerin su ne Etran de l'Aïr, 'yan kiɗan biki na Agadas.

8. Sa wa fayil suna, ka tura shi yadda sunan ba zai goge ba.

Ga inda na taɓa yin wauta. Wata shekara a wani ƙauye kusa da Karaye na je wunin biki, wasu mata huɗu suna kiɗan ƙwarya. Babbar roba cike da ruwa, ƙwarya a kife a kai, zabiyar tsohuwa ce mai tsaga a kumatu, tana waƙa tana gyara ɗaurin zanenta kamar ba ita ke tayar wa mutane tsigar jiki ba. Na ɗauka, na tura wa ƙawaye biyu a daren, ko sunanta ban tambaya ba. Bayan wata biyar waƙar ta dawo mini daga wata 'yar'uwa a Kaduna. An yanke farkonta, an ɗora muryar wani saurayi yana ihun sunan shagonsa kowane rabin minti. Shi ya samu talla. Ita ko labari ba ta ji ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Saboda haka, kafin ka tura komai, canja sunan fayil ɗin: mawaƙi, gari, sunan waƙa, shekara. A WhatsApp kuma ka tura shi a matsayin dokumen. Idan ka tura ta hanyar sauti kai tsaye, wayar wanda ya karɓa za ta adana shi da AUD da lambobi, mu koma gidan jiya. Ajiye kwafi biyu, ɗaya a memori na daban. Ka kuma kai wa mai tura waƙar nan na kasuwa kwafi mai suna, ya maye gurbin tsohon.

9. Mutum ɗaya, waƙa ɗaya, magana biyu.

Tallata waƙa kamar haɗa aure ne, sai ka san ɓangarorin biyu. Kada ka zuba waƙa goma a zauren WhatsApp na 'yan ajinku ka rubuta "ku saurara." Babu mai buɗewa, data tsada gare ta.

Zaɓi mutum. Kawunka mai son Ɗan Anace, kai masa sabon mai kalangun dambe. Abokinka mai son Breaker, ba shi yaron fiyano mai waƙar soyayya. Waƙa ɗaya kawai, wadda ta fi kowacce. Ka haɗa da magana gajera: "Kawu, wannan ɗan ƙasar Maiyama ne, manomi ne, da rani yake waƙa. Ka ji yadda amshi ke shigowa daga minti na biyu." Ka ba shi dalili, ka ba shi wurin da zai sa kunne.

Kada ka cika baki. Ranar da ka ce "wannan ya fi Shata," ka kashe yaron, don da ma'aunin Shata za a saurare shi. Faɗi abin da yake da shi, ka yi shiru. Kuma kada ka bi mutum da "ka ji kuwa?" safe da yamma. Idan ta kama shi, shi zai dawo yana tambayar ko akwai wata.

A sitatus, yanko wurin da ya fi daɗi, rabin minti ya isa, ka rubuta sunan mawaƙi da garinsu a kai. Sau ɗaya a mako. Wanda ke sa sabon "gwani" kullum, ba a daɗewa ake daina duba nasa.

10. Kai wa masu babbar murya.

Mutum uku sun fi ka isa kunnuwa. Mai DJ ɗin biki, direban motar haya, da mai gabatar da shirin waƙoƙin gargajiya ko na zaɓe a rediyo. Gidan rediyon jiha a Birnin Kebbi da Rima Radio ta Sakkwato suna shiga ƙauyukan da data ba ta kai ba. Saurari shirin mako biyu tukuna, ka san irin abin da mai shirin ke so. Sannan ka kai masa waƙa biyu masu tsabtar sauti, da takarda mai ɗauke da sunan mawaƙi, garinsu, da irin kiɗan. Ka sauƙaƙa masa aiki, shi ya sa zai tuna da kai.

Ɗaliban jami'ar Aliero ma kada ka manta da su. Daga garuruwa daban-daban suke, kuma idan aka yi hutu da wayoyinsu suke komawa gida.

Intanet kuwa, Audiomack ana ɗora waƙa kyauta, YouTube da TikTok ma haka. Sharaɗina ɗaya ne: a buɗe shafin da sunan mawaƙin, da lambar wayarsa ko ta ɗansa, lambar sirri kuma tana hannunsu. Kai ɗan rakiya ne. Kada kuma ka yi masa alkawarin daloli. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai shafi ya tara masu bibiya 1,000, da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Hanya ce mai nisa. Amfanin shafin na kusa shi ne mai biki a Birnin Kebbi ko Kontagora ya ji, ya kira.

11. Bari yabo ya zama kuɗi.

Mawaƙi ba ya cin "ma sha Allah." Idan ka je wasansa, yi liƙi, ko kaɗan ne, a gaban mutane, don liƙi yana jawo liƙi. Idan za a yi biki a danginku, kai ne za ka ce a kira shi, kuma a yi ciniki da shi kamar yadda za a yi da baƙo daga birni. Mun iya biyan na nesa da daraja, mu ce wa na gida "ai kai namu ne." Idan ya yarda a ba da lambarsa ga masu neman sa, ka bayar. Idan bai yarda ba, kai ka zama mai isar da saƙo, kuma kada ka cire la'ada a ɓoye.

Yaron situdiyo kuwa, abin da ya fi buƙata shi ne kuɗin ɗaukar waƙa ta biyu. Ku haɗu ku biyar ku tara masa. Ku biya situdiyon kai tsaye.

12. Akwai waɗanda ba a turawa.

Saurari waƙa har ƙarshe kafin ta bar wayarka. Zambo da habaicin da aka yi a filin ƙauye, kowa ya yi dariya aka watse, idan ya shiga intanet yana iya zama ƙara a gaban alƙali ko gaba tsakanin gidaje biyu. Waƙar da ta kama sunan wani ta zage shi, ko ta taɓa addini ko ƙabilar wasu, bar ta inda ka same ta. Ta siyasa ma ka yi tunani, don tambarin jam'iyya idan ya manne wa ƙaramin mawaƙi, rabin masu biki sun daina kiran sa.

Ke kuma ƙanwata, wannan naki ne. Rabin waƙoƙin ƙasar nan a cikin gida ake yin su, inda yayyenki maza ba sa shiga: wunin biki, kamu, suna, waƙar daka da ta niƙa, da ta reno. Ke kaɗai ke da wannan ƙofar. Ki nemi izinin zabiya da na uwar biki. Ki ɗauki sauti kawai, ban da bidiyo, don matan da suka saki jiki suna rawa a tsakar gida ba su yi don duniya ta gani ba. Mun ga yadda bidiyon matan aure masu rawa da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ya tayar da ƙura a 2020, alhali su da kansu suka ɗauka. Ki tambayi Inna ko Hajiyar da wane suna take so a san ta, don wata ba ta son a ambaci na yanka. Kuma ki tambaya tun kafin ki bar gidan, kada ki yi irin tawa.

Gobe da safe ga abin yi. Buɗe wayarka, ka ware duk waƙoƙin nan marasa suna a jaka ɗaya. Zaɓi guda da ta fi kama ka. Saurare ta da biro a hannu, ka rubuta kowane suna da kowane gari da aka ambata a ciki. Kira wanda ya turo maka ita kafin azahar. Ranar kasuwa mai zuwa kuma ka sa memori a aljihu, da kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa, da na shayin mai tura waƙa.